Shuwakar Mama

Keffi, watan Maris

Yaya Haggai,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangiji. Ina fatan kana lafiya, kai da Anti Judit da yara, kuma sanyin Jos bai hana ka wanka ba. Mu nan lafiya lau, sai ƙafar Baba da ke ɗan damunsa.

Ka san tsohuwar maƙabartar ƙauyenmu, bayan Gitata. Masu sayen fili sun ci gonaki har bakinta, shi ya sa coci ta yanke shawarar a zagaye ta da katanga, a kafa allo mai nuna wurin tarihi ne. Matasan coci suka ce za su share ta kafin mai awon fili ya zo. Yaya, sharar da suka yi ko ɗakin amarya albarka. Sun sare komai ƙarƙaf, sun ƙone.

Ashe abin da suka ɗauka daji ne, shi ne sunayen matattunmu. Ni kaina sai yanzu na sani: kakanninmu ba sa rubutu a kabari, shuka suke yi. Gidan su Wilson lalle, gidan sarkin noma bini-da-zugu, wasu tinya. Na Mama shuwaka ce. Baba ya zagaya da sandarsa har ya gaji, bai gane wurin ba. Ka san kuma burinsa ke nan, a kwantar da shi kusa da ita. Tun daga ranar nan, abinci ma sai da lallashi yake ci.

Ka gaida kowa.
Ƙanwarka, Vera

Keffi, watan Afrilu

Yaya,

Barka da ruwa, da fatan duk kuna lafiya. Na ga saƙonka, kuma a'a, ba za mu kai yaran nan ƙara ba, kai dai ba ka rabo da zafin kai.

Damina ta yi mana aiki. Kututtura sun fara toho, kowane gida na bin nasa ganye. Ni yanzu ina tashi daga makaranta sai in hau mota in je in yi ta duƙe-duƙe kamar mai neman allura. Tsofaffin zumuntar mata na faɗa mini wannan na wane ne, wancan na wance. Ban taɓa sanin ƙauyenmu ya binne mutane haka ba.

Amma ga abin mamaki: shuwaka biyu ce ta fito, dab da juna. Ɗaya cikin turakun da mai awo ya kafa, ɗaya a waje, cikin filin wani mai buga bulo, Tobenna. Wacce ce ta Mama? Ɗayar kuma ta wa? Na tambayi Baba, ya ce in kai shi ya gani da idonsa. Don Allah kada ka gaya wa kowa tukuna.

Taka, Vera

Keffi, watan Mayu

Yayana,

Ina gaisuwa, ya jikin autarku? Zauna da kyau ka karanta.

Baba ya tona gindin kowacce da sanda. Ta waje saiwarta ta fi kauri, ya ce ita ce babba. Ta Modupe ce, wata Bayarabiya mai sayar da gishiri da ta zauna a ƙauyen kafin a haife mu. Ba ta da kowa a nan sai Mama. Da ta rasu aka binne ta a gefe, Mama ta dasa mata shuwaka don Modupe ce ta koya mata miyar shuwaka. Da Mama ta bi ta, daga jikin wannan shuwakar ne Baba ya yanko reshe ya dasa mata.

'Yan kwamitin coci suka yi murna, wai tamu na ciki, a ja katanga. Baba ya ce in dai katanga za ta ratsa tsakaninsu, to shi a binne shi a waje, don ba shi da idon da zai kalli Mama ya ce ya bar ƙawarta a filin bulo. Na yi kuka, ban ɓoye ba.

Tobenna na tsaye yana ji. Ya ce shi ma mahaifinsa a Garaku yake kwance, cikin mutanen da ba danginsa ba. Da hannunsa ya cire turakun ya matsar da su. Yanzu katangarmu ta yi ƙusumbi a kusurwar gabas, in ka gani kada ka zagi magini.

Baba ya koma cin tuwonsa, har da neman ƙari. Ya nuna mini inda za a kwantar da shi, ya kuma sa na yanko reshe daga ta Mama in ajiye masa. Yana cikin bokiti a bayan ɗakina, har ya fitar da ganye. Ka zo, Yaya, tun reshen nan yana bokiti.

Ƙanwarka mai ƙaunarka,
Vera