Ta Sayar da Mutuwar Babana Ta Karɓi Tallafin Karatu

Assalamu alaikum Anti, ina gaishe ki da duk masu bibiyar wannan shafi. Don Allah a sakaya sunana. Kuma kafin wani ya yi saurin rubuta mini "ki ji tsoron Allah", ya daure ya karanta har ƙarshe. Na san na yi laifi, ban zo wanke kaina ba. Abin da ya fi damuna shi ne har yau ban ji na huce ba.

Ni 'yar wani ƙauye ce kusa da Dogon Dawa, ina aji uku a jami'a, a fannin noma. Babana manomin masara ne, da ita yake biya mini kuɗin makaranta. Lokacin girbi 'yan bindiga suka ɗauke shi a gona. Muka sayar da masarar, muka sayar da shanun huɗa da babur, aka kai musu, suka ce a ƙaro. Muna cikin neman ƙarin wani mutum da aka sako ya zo har gida ya ce Baba ya rasu a daji, zazzaɓi ne da yunwa. Ba mu ga gawa ba, sallar ga'ib aka yi masa. Mutumin ya ce kafin ya cika ya riƙe hannunsa ya ce, "Idan ka fita, ka ce wa Uwata kada ta ajiye karatu." Ni ce Uwata. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, shi ya sa bai taɓa kiran sunana ba. Daga nan muka taso muka dawo cikin garin Birnin Gwari, ɗaki ɗaya na haya, Inna na soya awara a ƙofar gida.

A wannan shekarar ce jami'a ta ƙara kuɗin makaranta, ƙarin da ya sa ɗalibai da yawa suka tattara kayansu. Da aka yi ta kuka, sai hukumar makaranta ta buɗe wani asusun tallafi na waɗanda rashin tsaro ya raba da iyayensu: za a ɗauke musu kuɗin rajista har su gama, a ba su wurin kwana. Amma gurbin kaɗan ne, kuma da sharaɗi: ka kawo shaida a rubuce, sannan ka zauna gaban kwamiti ka faɗi abin da ya same ka. To ni wace shaida zan kawo? Asibiti ba ya ba da takardar mutuwar wanda ba a ga gawarsa ba. Dagacinmu shi kansa ya yi hijira, ba wanda ya san takamaiman inda yake. Na ce ba komai, zan je da bakina, ai gaskiya ce a hannuna.

Ina da ƙawa, zan kira ta Hansatu, ba sunanta ba ne. 'Yar garinmu ce, ɗakinmu ɗaya a makaranta, kwano ɗaya muke ci. Babanta Alhaji babban ɗan kasuwar hatsi ne, yana nan da ransa. Wata rana muna wanki da yamma na ba ta labarin Baba tun daga farko, ina kuka tana kuka, har ta ce, "Sake faɗa mini abin da ya ce," na sake faɗa. Ashe hadda take yi.

Ranar da na shiga gaban kwamiti, na fara magana, na ga suna kallon juna. Da na kai wurin saƙon Baba, wata malama ta cire tabarau ta ce, "Yarinya, dakata. Jiya aka ba mu wannan labarin, har da Uwata, kuma wadda ta ba mu ta zo da takarda mai hatimi. Ke ina taki?" Na ce wallahi babana ne. Wani a gefe ya ce, "Kowa ma haka yake cewa. Ki gode ba mu kai ki gaban kwamitin ladabtarwa ba." Anti, kin san yadda ake ji a ce maka ka yi ƙaryar mutuwar ubanka? Na fito, na koma ɗaki na faɗa jikin Hansatu. Ta rungume ni ta ce, "Wace marar imani ce ta yi miki wannan? Allah ya tona asirinta." Ban zarge ta ba ko kaɗan, don na taɓa ba da labarin a taron ta'aziyyar da ɗaliban garinmu suka yi mini, na ɗauka a can wata ta tsinta.

Na rubuta neman ɗage karatu na shekara guda, na ɗaure kayana. Hansatu ta raka ni har tasha. Mota ba ta cika ba, aka ce sai gobe, na dawo makaranta da jakata. Ina wucewa ta babban ɗakin taro na ji lasifika, ashe ranar ake gabatar da waɗanda suka samu tallafin. Na leƙa. Wa zan gani a kan mumbari, an zaɓe ta ta yi godiya a madadin sauran? Hansatu, da farin hijabi, hawaye na zuba, tana cewa, "Babana ya rasu a daji, ba mu ga gawarsa ba. Ya ce a ce wa Uwata kada ta ajiye karatu." Manya na share ido, ana tafa mata. Ban yi ihu ba. Na ciro wayata na ɗauki bidiyon har ƙarshe. Na kwana ɗakin wata, gari na wayewa na kama hanyar gida.

Ga laifina. Ban kai ƙara makaranta ba, don na ga kora kaɗai ta yi mata kaɗan. So nake ta ɗanɗani rashin uba, tunda shi ta saya da bakinta. Na sayi sabon layi, na jira ranar kasuwa, lokacin da na san rumfar Alhaji cike take da mutane. Na tura masa bidiyon, na tura wa 'yan kasuwar hatsi da na samu lambarsu, har da wanda na san ba sa ga maciji da shi. A ƙasa na rubuta, "Allah ya jiƙan Alhaji." Kafin la'asar gari ya ɗauka. 'Yan acaɓa na nuna wa juna, masu dako na wucewa ta gaban rumfarsa suna cewa, "Marigayi, ya ciniki?" Aka ce Alhaji ya kalli bidiyon ya sake kallo, ya miƙe zai yi alwala ya yanke jiki ya faɗi. Hawan jini. Yanzu ɓarin jikinsa ɗaya ba ya motsi sosai, bakinsa ya karkace. Da ya samu magana, abin da ya fara cewa shi ne tunda ta kashe shi, kada ta sake taka masa gida.

Ku tambaye ni me na ji. Da aka ce ya faɗi, gabana ya faɗi, wannan gaskiya ne. Amma da aka ce ya kore ta, wallahi wani sanyi na ji a ƙirjina, ranar na ci abinci har na ƙara. Wace irin mutum na zama?

Da aka yi hutu ba ta da inda za ta. Sai ga ta a ƙofar gidanmu da akwati, ta zube gaban Inna ta kama ƙafarta. Ta ce an ƙona wa Alhaji motar kaya a hanyar Kaduna, bashi ya yi masa yawa, ya ce da wannan ƙarin ba zai iya biya wa kowa ba sai yayanta namiji, ita ta haƙura. Ta ce tsoro ne ya sa ta, ta biya wani ya yi mata takardar, ta ɗauka gurbin zai ishe mu mu biyu. Na ce, "To me ya hana ki ƙirƙiro naki labarin? Me ya sa sai babana?" Ta ce, "Naki ne na san zai sa su kuka." Haka ta faɗa, Anti, a gaban matar da aka kashe wa miji. Na jira Inna ta kore ta. Sai Inna ta ce mata, "Tashi. Abin da kika yi Allah ya gani. Amma ba zan bar 'ya mace ta kwana a titi ba, na san yadda rashin gida yake." Ta juyo gare ni ta ce, "Ki ce kin yafe." Na ce na yafe. Ƙarya na yi.

Yanzu haka tabarma ɗaya muke kwana. Tana taya Inna tace waken suya, tana yi wa ƙannena wanki, ta rame kamar ba ita ba. Ba ta san ni na tura bidiyon ba, har yau zaton wani ɗalibi take yi. Jiya tana wanke-wanke ta ce mini, "Ni na yi laifi, na yarda. Amma wanda ya tura wa Alhaji, me tsohon nan ya yi masa? Ban yafe ba har gaban Allah." Na ce mata amin, ina miƙa mata kwano.

Kuma ban gama ba, shi ne abin da ya sa na rubuto. Maganar ba ta kai kunnen kwamiti ba tukuna. Dokar asusun ta ce duk wanda aka kama da ƙarya za a kore shi daga jami'a, ya mayar da abin da ya ci. Idan an koma za a buɗe ƙofar ɗaukaka ƙara. Kullum ina hango kaina na shiga, na ajiye wayata gaban malamar nan mai tabarau, na ce, "Yanzu wace ce maƙaryaciya?" Ina so in ga fuskarsu. Ina so in ga Hansatu ta fito da akwatinta ta ƙofar da na fito da nawa. Amma shugaban ƙungiyar ɗaliban garinmu ya zo har gida ya roƙe ni kada in kai maganar gaban kwamiti. Ya ce idan wannan ta fasu za a dakatar da tallafin duk 'yan yankinmu a sake bincike, kuma akwai marayu na gaskiya da su ma sayen takardar suka yi, don ba yadda za a yi su samu ta halak. Ya ce, "Idan kika ja ta, da su za ta faɗi." Na ce ni da aka jefar, wa ya kama ni?

Sai kuma shekaranjiya Alhaji ya aiko a kira ni. Na je ina tsammanin asirina ya tonu. Na same shi a kwance a zaure, matarsa na goge masa baki. Da ƙyar nake gane maganarsa. Ya ce, "'Yata, jinina ya zalunce ki. Ina da fili a bayan gari, na sa a sayar. Ni zan biya miki har ki gama, ki koma makaranta. Ki yafe mini." Ya miƙo hannun da ke motsi ya kama nawa yana kuka. Mutumin da ni na kwantar da shi, shi ke neman gafarata, da filin da bai sayar don 'yarsa ba.

Inna ta ce wannan daga Allah ne, in karɓa. Ita ma ba ta san komai ba. Idan na karɓa na yi shiru, na ci dukiyar mutumin da na nakasa. Idan na faɗa masa gaskiya, wataƙila jinin ya sake hawa ya ƙarasa shi, kuma ban san da wane ido Inna za ta kalle ni ba. Idan na je kwamiti, na wanke sunana da na babana, amma na ja marayu irina ƙasa. Kuma kada in ɓoye muku, duk da wannan, idan na juya na ga Hansatu tana barci kusa da ni, zuciyata cewa take bai ishe ta ba.

Jibi dillali zai kawo mai sayen filin. Jama'a, don Allah, me zan yi?