Fuskar da ke Jikin Zane

La Courneuve, 20 ga Afrilu

Ɗiyata Mardiya,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ina karatu? Mu nan lafiya lau, sai dai raina a ɓace yake.

Ƙungiyarmu ta matan Nijar ta ce ki zaɓo mana mace mai ilimi, a buga hotonta a zanen da za mu ɗaura ranar 13 ga Mayu, wato ranar matan Nijar, ki kuma yi wa 'yan mata jawabi a kanta. Turmi tamanin sun iso. Na kai nawa wurin tela a unguwar Barbès, sai Amine mai gyaran salula ya leƙo ya fashe da dariya. Ya nuna mini matar a wani tsohon fim, tana wanka a tafki, ko ɗankwali babu. Ni da na je Makka sau biyu, ita zan ɗaura a ƙuguna?

Na soke jawabinki. Ki huta lafiya.

Gwaggonki,
Hajiya Sahadatou

Villeurbanne, 24 ga Afrilu

Gwaggo,

Wa alaikumus salam. Ina gaishe ki da girmamawa, da su jikarki Rauda.

Na san da fim ɗin, kuma ban faɗa miki ba. Wannan laifina ne. Amma ki dubi zanen da kyau. Layukan da ke kewaye da fuskarta ba ado ba ne, taswirar na'urar da ta ƙirƙira ce, wadda ke hana a katse saƙon rediyo. Shekara uku ke nan ina bincike a ɗakin gwajin kimiyya kan abin da ya fito daga wannan dabarar. Da ta kai wa manyan soja, cewa suka yi ta koma ta yi murmushi gaban kyamara.

Abin da ke ƙona mini rai, Gwaggo, Amine ya ga minti ɗaya na rayuwarta, kuma nasa kika ɗauka. Ni na karanta takardunta duka, ko kirana ba ki yi ba. Minti goma kawai nake roƙo.

Ɗiyarki,
Mardiya

La Courneuve, 2 ga Mayu

Mardiya,

Bayan gaisuwa. Mun yi taro, har 'yar ƙungiyarmu Halimatou ta yi fushi ta fita. An yanke cewa tela zai cire fuskar, ya haɗa sauran. Layukanki suna nan, kowa zai gani. Ki zo ki yi bayanin na'urar, amma ban da sunan matar.

Gwaggonki

Villeurbanne, 5 ga Mayu

Gwaggo,

Ina gaisuwa. Da tana raye sun riƙe fuskar sun yar da aikin. Ku kun riƙe aikin kun yar da ita. Idan wata yarinya ta tambaye ni wa ya ƙirƙira, me zan ce? Ba zan iya ba. Ki yafe mini.

Mardiya

La Courneuve, 9 ga Mayu

Ɗiyata,

An riga an tambaya. Jikata Rauda ta tsinci ƙyallen fuskar a ledar tela, ta ce, "Kaka, wace ce wannan, kuma me ta yi aka yanke ta?" Na buɗe baki, sai na ga abin da Amine ya nuna mini kaɗai na sani.

Ki zo ki faɗa musu ko wace ce ita. Minti goma, ba sha ɗaya ba. Ni dai zan zauna a baya.

Allah ya kawo ki lafiya.

Gwaggonki