Layi na 23

Litinin, 17 ga Maris
Yau na nuna musu ko ni waye. Manhajarmu mai tura wa marasa lafiya saƙon ranar ganin likita, gwajinta arba'in na dunƙule su guda ɗaya. Kod layi shida, ƙasansa jeri, kowane layi lambobi sai eh ko a'a. Dogo, abokin teburina shekara shida, ya leƙo yace "Sarkin Kod, 31, 0, 1, eh, me kenan? Sa musu suna mana." Nace 'ya'yana ne da zan sa musu suna? Ofis ya kwashe da dariya.

Laraba, 26 ga Maris
Hutu. Waya a kashe. Maman yara tace ko minsharina cika baki yake.

Laraba, 2 ga Afrilu
Na dawo na tarar da wuta. Dogo ya taɓa lissafin kwanaki, layi na 23 yayi ja, alamar gwajin ya faɗi. Kira tara yamin. Ya kasa gane me layin ke tsarewa, oga na tsaye a kansa, sai ya maida eh ɗin a'a, komai yayi kore. Ashe na masu ganin likita ranar ɗaya ga wata ne. Mutum sittin basu samu saƙo ba. Oga yace Juma'a zai yanke ko Dogo zai zauna a aiki.

Alhamis, 3 ga Afrilu
A taro oga yace dani, layin a bayyane yake? Nace ranka ya daɗe ko makaho zai karanta. Ba wanda yayi dariya. Dogo bai ɗago kai ba.
Da suka fita na buɗe layin. Minti arba'in kafin na gane shi. Ni da na rubuta.

Juma'a, 4 ga Afrilu
Tun safe nake sa wa layukan suna. "Ganin likita ranar ɗaya ga wata, saƙo ya tafi ranar 31." Layi uku har yanzu bansan me suke nufi ba. Na kai wa oga su ukun nace karanta. Ya kasa. Nace nima haka, jiya ƙarya nayi.

Litinin, 7 ga Afrilu
Dogo na nan. Ya dai ja kujerarsa gefen taga. Ya duba gwajin yace "yanzu ana ganewa, malam."
Malam.
Ba komai. Dama wancan sunan ya ɗan min yawa.