Hoton Mutum da Alƙalami

Yaya,

Gaisuwa mai yawa. Yaya ƙafar taki, da jikoki masu hana ki barcin rana? Allah Ya ƙara lafiya.

Na gwada shawararki ta tsohuwar malama, cewa in sabunta wa 'yan ajina salon rubutu. Saura kaɗan a tashi hutun ƙarshen shekara, jikinsu yana aji, hankalinsu ya riga ya tafi gida. Shugabar makarantarmu kuma ta ce in har yaran nan ba su nuna mata rubutun kirki ba kafin hutu, baɗi za ta ba wani ajin, ni kuma in koma kula da ɗakin ajiya. Ni da na tsufa da alli a hannu, wai in koma gadin tsintsiya!

Na fara da labarin karɓa-karɓa, kowa ya ƙara jimla ɗaya. Mazan suna kashe jarumin, matan suna tashinsa su kai shi asibiti, har takarda ta ƙare bawan Allah bai fita daga unguwarsu ba. Na ce su rubuta wa kansu wasiƙa, rabinsu suka tsaya a gaisuwa. Gobe zan gwada na ƙarshe: kowa ya siffanta wani ba tare da faɗin suna ba, aji ya canka.

Ki sa ni a addu'a.

Ƙaninki.

*

Yaya,

Ina fata kin tashi lafiya. Ni dai da sauƙi-sauƙi.

Dabarar ta yi aiki, abin haushin ke nan. Akwai wata yarinya da muke kira Shiru-shiru, wadda duk shekara ba ta taɓa wuce layi biyu ba. Ta cika shafi har da bayansa. Muna shirin fara karatu sai ga Shugaba ta shigo, ta nemi a karanta mata wanda ya fi tsawo. Ni kuwa ban duba ko ɗaya ba.

Yarinyar ta miƙe ta karanta labarin wata mata mai goge kujera kafin ta zauna, mai neman tabarau alhali yana kanta, wadda takalminta ke riga ta shiga aji, kuma ba ta dariya sai in baƙi sun zo. Ba ta kai ƙarshe ba yara suka juya gaba ɗaya suna nuna Shugaba, suna ihun sun canka. Yaya, tabarau ɗin yana kanta a lokacin.

Shugaba ta karɓi takardar, ta duba, ta ce babu kuskure ko ɗaya. Ta yaba wa yarinyar. Bayan an tashi ta miƙo mini makullin ɗakin ajiya, ta ce mutum mai sakacin da zai sa a karanta abin da bai duba ba, tsintsiya ta fi dacewa da shi.

Yau Shiru-shiru ta biyo ni har ƙofar ɗakin da sabon shafi. Tun layi na biyu na gane ni ne mai sanƙon da take siffantawa. Na gyara mata waƙafi, na ce ta ci gaba.

A gaida kowa.

Ƙaninki, sabon mai gadin tsintsiya.