Inna, Sakamakon Ya Dawo

Zuwa ga mahaifiyata, Hajiya Balkisu ta Ƙofar Taramniya,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa da fatan kina cikin rahamar Ubangiji, ɗiyarki ce Hadiza. Na san wasiƙa ba ta isa inda kike. Amma akwai labarin da na daɗe ina riƙe da shi, kuma ke nake so in ba.

Kin tuna lokacin da korona ta shigo gari, aka mai da ni sashen karɓar samfuri a ɗakin gwaje-gwaje. Wuni nake yi ina zura wa mutane auduga a hanci, in rufe a kwalba, in rubuta lamba. Don tsoron kada in kwaso miki cutar, na kwashe kayana na koma Sabon Gari wurin Anti Rifkatu, shugabata a wurin aiki, ta ba ni ɗakin 'yarta. Ba ki so ba. Kika ce, "Mutum da gidan ubanai ya tahi kwana gidan mutane?" Duk da haka, kowace Juma'a sai kin aiko mana da fura, har da ta Anti, kina cewa wadda ta riƙe miki ɗiya ta zama 'yar'uwarki.

Watanni na yi ina gaishe ki daga bakin zaure. Wata Asabar na kasa daurewa, na shiga. Na same ki kan tabarma kina tsintar shinkafa. Kika miƙo hannu kika ja takunkumin fuskata ƙasa, kika ce, "Bari in ga huskar ɗiyata." Ban hana ki ba, Inna. A kwano ɗaya muka ci tuwo.

Bayan kwana uku zazzaɓi ya kwantar da ni, gwaji ya nuna korona ce. Ban tashi ba aka ce ke ma kin fara tari. Anti Rifkatu da kanta ta je ta ɗauki samfurinki. Ni na warke. Ke aka kai ki makwancinki ina killace a ɗaki, ban yi miki wanka ba, ban ga fitarki ba.

Da na samu zuwa zaman makoki, na ji Goggo Ai, ƙanwar Baba, tana gaya wa mata, "Ai ita ta kwaso ta wurin aikinta ta kawo ma uwatta." Ni ma haka na yarda. Na daina cin abincin kirki. Ko hanyar unguwarmu ba na son bi.

Akwai abin da ban taɓa yi miki bayani ba game da aikinmu. Wasu samfuran da suka nuna cutar muna jera su a akwatin ƙanƙara, a kai su wani babban ɗakin gwaji mai nisa. A can ake karanta tsarin halittar ƙwayar cutar, harafi bayan harafi. Ita ƙwayar tana canzawa kaɗan-kaɗan yayin da take wucewa daga mutum zuwa mutum, shi ya sa take da nau'i-nau'i. In wani ya ɗauka daga wani, ƙwayoyinsu kan zo kusan iri ɗaya. Da haka ake gane hanyar da ta biyo. Samfurina da naki duk sun tafi cikin akwatin.

Sai da aka yi watanni sakamakon ya dawo. Da hantsi Anti Rifkatu ta kira ni ofishinta, ta rufe ƙofa, ta juyo mini kwamfuta. Wani zane ne kamar bishiya mai rassa, kowane reshe da lambobi. Ta ɗora yatsa kan lambata. Sannan ta ja yatsan can nesa, zuwa wani reshe dabam, ta tsaya kan taki. Tawa ƙwayar tsohuwar ce da ta daɗe tana yawo a gari. Taki sabuwa ce, kuma a reshenki akwai lambobin mutanen unguwarmu da suka haɗu a wata ta'aziyya. Ashe kin je, kika ɓoye mini don kada in yi faɗa. Anti ta riƙe hannuna ta ce, "Hadiza, ba ke ba ce." Ita ta riga ni fara kuka.

Ban san lokacin da na fita na tare keke ba. Duk hanya, har muka wuce Sama Road, ina shirya yadda zan gaya miki. Na shiga zaure da sauri, na ratsa tsakar gida, sai na ga kwaɗo a ƙofar ɗakinki. Nan na zauna a dokin ƙofar har aka kira la'asar.

Ban gaya wa Goggo ba. Aikinmu ya hana, kuma na san za ta tambayi to wane ne, alhali mutanen gidan ta'aziyyar su ma sun binne nasu. Gara ta ci gaba da zargina, zan iya ɗauka yanzu. Naki yana cikin samfuran farko da suka nuna sabon nau'in ya iso gari, har aka ƙara gwaji a unguwa, aka gano cutar a jikin tsofaffi da dama da wuri.

Yanzu ni ma ina koyon karanta haruffan nan. Na dawo gida da zama. Na buɗe ɗakinki, ina kwana a gadonki, amma har yau ban iya taɓa kayan cikin adakarki ba. Ina kewarki, Innata. Na samu amsar da na nema, sai na gane ba ita na fi buƙata ba.

Allah ya haskaka kabarinki, ya yalwata miki shi, ya sa jinyar da kika yi ba ni kusa ta zama kaffara. Ya haɗa mu a inda babu killacewa, babu rabuwa. Amin.

Ɗiyarki da ba ta daina yi miki addu'a,
Hadiza