Jan Tabon Goshin Hadiza

Zuwa ga Yaya Rabi,

Gaisuwa mai yawa. Ina lafiyarki, ina maigida da yara? Mu nan Gidan Sori sai haƙuri, fari ya cinye gonaki.

Jan tabon da ya fito wa jaririyata Hadiza a goshi ya kumbura. Inna ta ce bakin mutane ne, wanzami ya zo ya yi mata sakiya. Ni na riƙe ta, Yaya. Da wurin ya ruɓe, na kai ta asibitin Gidan Rumji. Likita ya ce ƙananan jijiyoyin jini ne kawai, da an bar su da sun baje da kansu. Yanzu ga gyambo, ga nonona ya ƙafe.

Ku sa ta addu'a, ni ma ku roƙa mini gafara. Ki gaida Kawu.

Ƙanwarki,
Hajo