Tayoyin Bakanike da Silin Baba

Asabar, 5 ga Yuli

Ƙanwata Auta ta sake kwanciya da zazzaɓi. Karo na uku ke nan tun farkon damina. Likita ya ce cizon sauro ne. Mama ta dawo daga asibiti, ko mayafi ba ta cire ba ta ce yau sai an gyara filin bayan ɗakunanmu tas.

Mun yi. Ni na cire ciyawa, Baba ya yashe kwata ya tsiyaya mata baƙin mai, muka kife duk wani gwangwani da tsohuwar tukunya. Da yamma lis na fita kwaso shanya, sauro suka yi mini caa kamar ba mu taɓa komai ba.

Ban gane ba. A littafinmu na kimiyya an rubuta cewa idan aka kawar da ruwan da ya kwanta, sauro zai ragu. Mun kawar. To daga ina suke fitowa?

Litinin, 7 ga Yuli

Baba ya ce ya gano. Wai tayoyin Bakanike ne suke tara ruwa.

Bakanike makwabcinmu ne, katanga ɗaya ta raba mu. Yana tara tsofaffin tayoyi a bayan gidansa, yana yi musu faci ya sayar wa masu motar haya. Da su yake ci da gidansa. 'Yarsa kuma ita ce ƙawata, wadda ake kira Rediyo saboda bakinta ba ya hutawa. Gaskiya ita kaɗai ce ƙawata. Ita ke magana, ni ina saurara, haka muke tun firamare.

Ina wanke-wanke na ji su ta kan katanga. Bakanike ya ce, "Malam, tayoyina a lulluɓe suke da tamfol, zagayo ka gani." Baba ya ce, "Ba sai na gani ba, na gani a jikin 'yata." Sai Bakanike ya koma kan aikinsa. Da ma ya rama da ya fi mini sauƙi.

Laraba, 9 ga Yuli

Rediyo ba ta biyo mini ba da safe. Na tarar da ita a aji. Ta ce, "Babanki ya ce mu ne masu kiwon sauro ko? To matsa can, kar in cije ki." 'Yan aji suka yi dariya. Ita ma ta ɗan yi. Ban san ko wasa take ba. Na zauna da murmushi a fuskata kamar wata sakara har aka kaɗa ƙararrawa.

Asabar, 12 ga Yuli

Kamar abin da muke ciki bai isa ba, Baba ya dawo da tsani.

Irin mai naɗewa ne, wanda ake kafawa a cikin silin, a ja shi ya sauko, a tura shi ya koma. Akwai wata ƙaramar ƙofa a silin lungun da ke tsakanin ɗakinmu da na Baba. Da can ta nan yake shiga, ya ɗora kujera a kan tebur. Bara ya faɗo ya gurɗe gwiwa, tun daga nan bai sake hawa ba. Yanzu ya ce da tsanin nan za mu kwashe akwatunan Mama mu kai sama, ɗaki ya sami iska, sauro ya rasa maɓoya.

Mama ta ce a kira kafinta. Baba ya ce shi da ya gyara yoyon rufin nan da hannunsa bara, tsani ne zai gagare shi? Mama ta ce, "To, Injiniya, Allah ya ba da sa'a." A ofis fa takardu yake jerawa.

Tsanin ya fi ƙofar faɗi. Ya juya shi ta nan, ya juya shi ta can. Takardar bayanin da ke cikin kwali ni na karanta masa, ya ce waɗanda suka rubuta ba su san gidanmu ba.

Lahadi, 13 ga Yuli

Ban san ta inda zan fara ba.

Baba ya ce sai an faɗaɗa ƙofar, amma kafin ya sa zarto dole a auna tsakanin katakan da ke riƙe da silin. Gwiwarsa ba za ta bar shi ba, ni ce mara nauyi. Ya ba ni tocila da tef ɗin awo, ya riƙe kujerar, ya ce in taka kan katako kawai, in na taka silin sai dai a tsince ni a ɗakin Mama.

Zafi kamar cikin tanda. Na auna, na faɗa masa, ya rubuta. Har zan sauko na ji wani zuuu ta can ƙarshe, wajen da rufin ya sauka kan filin baya. Na haska.

Baho uku. Na roba, manya, irin na wanki. Ɗaya shuɗin nan ne da Mama ta yi ta nema bara har ta haƙura. An jera su daidai ƙarƙashin inda kwanon rufi ya huje, kowanne da ruwa fiye da rabi, baƙi ƙirin. Na rarrafa na matsa. Ruwan yana motsi. Ƙananan abubuwa ne suke wutsil-wutsil, suna hawa suna sauka, sak hoton 'ya'yan sauro da ke shafi na tamanin da huɗu a littafin kimiyya. Sauro kuwa sun yi baƙi a jikin katako, ga wata kafa tsakanin bango da kwano, haske na shigowa. Ta nan suke fita baya.

Ashe gyaran yoyon ke nan.

Baba ya ɗaga murya, "Me kike yi ne har yanzu? Ko kin sami ɗaki?" Na ce ba komai. Na sauko. Mama ta ce me ya sami fuskata, na ce zafi ne.

Me ya sa na ce ba komai?

Litinin, 14 ga Yuli

Wataƙila ba su ba ne. Wataƙila wasu tsutsotsi ne daban masu kama da su.

Talata, 15 ga Yuli

Bayan darasi na tsaya na jira kowa ya fita, na tambayi Malamar kimiyya ko sauro yana iya haihuwa a cikin rufin gida. Ta ce, "In akwai ruwa, ko a murfin kwalba ne. Gidan wa?" Na ce a wani littafi na gani. Ta dube ni ta saman tabarau, ta ce littafin ya yi gaggawar zubar da ruwan.

Ina ta juya maganar. In na faɗa, Mama za ta san Baba bai gyara komai ba, shekara guda yana faɗa wa baƙi ya gyara. Bakanike zai sani. Duk layinmu za su sani, don sun ji faɗan. Kuma ni ban taɓa ce wa Baba ba haka ba ne. Ko a kan gishiri. Ban ma san yadda ake fara irin wannan maganar ba. Ana cewa "Baba, yi haƙuri" ne tukuna? Haƙurin me?

Ko ya manta ne? Ko yana sane? In yana sane, ai ba zai tura ni sama da tocila ba. In kuma ya manta, ta yaya mutum zai manta baho uku?

Alhamis, 17 ga Yuli

Abu ya ƙara lalacewa. Tunda ƙofar silin take a buɗe, sauro sun cika lungun. Baba ya ce ga shaida nan, tayoyin sun fara aiko su har cikin gida. Ya ce ranar Litinin zai kai ƙara ofishin duba-gari, su zo su kwashe tayoyin gaba ɗaya.

Mama ta ce, "Haba Malam, abincin mutum fa." Ya ce ita kuma Auta ba mutum ba ce?

Sai ya miƙo mini takarda. Ya rubuta ƙarar, amma rubutuna ya fi nasa kyau, in kwafe masa a farar takarda. Na kwafe. Har na gyara masa waƙafi biyu. Hannuna ne ya rubuta "muna da tabbacin cewa". Na ja layi da rula a ƙarƙashin taken, kamar yadda aka koya mana.

Ya duba ya ce, "Yauwa, karatu ya yi amfani." Na ji daɗin yabon. Shi ne abin da ya fi ba ni kunya.

Juma'a, 18 ga Yuli

Rediyo ta ji labarin ƙarar. Ban san wa ya gaya mata ba. A bakin famfon makaranta ta ce, "An ce ke kika rubuta." Na sunkuyar da kai. Ta ce, "Ke dai kullum shiru, ashe a takarda kike surutunki." Ba ta yi dariya ba wannan karon.

Asabar, 19 ga Yuli

Na yi dabara, dabarar ta ƙi.

Na ce in na kwashe ruwan a ɓoye, sauro za su ƙare, Baba zai huce, ba wanda zai ji kunya. Da suka kai Auta a sake duba ta, na ɗora kujera a kan tebur na hau da kofi da ƙaramin bokiti. Na yi sawu huɗu, ko rabin baho ɗaya ban kwashe ba. A na biyar bokitin ya karkace, na jiƙe har siket. Ina cikin goge ƙasa aka fara yayyafi. Ina jin sa daga nan ƙasa, ɗis, ɗis, yana mayar da abin da na kwashe.

Kuma ko na kwashe duka, takardar tana cikin jakar Baba. Ban yi wannan lissafin ba sai da na gama wahala.

Na cika wata kwalba da ruwan na ɓoye a bayan littattafaina. Ban san don me ba. Suna nan suna wutsil-wutsil, babu ruwansu.

Lahadi, 20 ga Yuli

Sau uku na je ƙofar ɗakin Baba. Na farko na tambaye shi ƙarfe nawa.

Litinin, 21 ga Yuli

Na faɗa.

Baba ya sa takalmi, ya ɗauki jaka. Mama tana ɗaure wa Auta ɗankwali. Na fito da kwalbar na ajiye a kan tebur. Duk jimlolin da na shirya suka gudu. Abin da na iya cewa kawai, "Baba, daga silinmu na ɗebo."

Ya ɗaga kwalbar ya kai wajen taga. Ya daɗe. Na ce, "Baho uku ne." Mama ta ce, "Wane baho?" Sai ta saki ɗankwalin ta ce a hankali, "Shuɗin nawa?"

Na zaci zai yi faɗa. Na ma fi son ya yi. Cewa ya yi, ba tare da ya dube ni ba, "Yaushe kika gani?" Na ce ranar da na auna. Ya ƙirga da yatsu. "Kwana takwas. Kika kuma zauna kika kwafe mini takarda." Na ce eh. Ya ce, "Ni kike tsoro haka?"

Kuka na fara, abin haushi.

Ya cire takalmin. Ya zauna a bakin kujera da jakar a cinya. Mama ta buɗe baki, na san "Injiniya" ke zuwa, sai ta dube shi ta rufe, ta ce mini in tafi kar in makara.

Laraba, 23 ga Yuli

Baba bai ba Bakanike haƙuri ba, ba da baki ba dai. Jiya ya zagaya gidansu wai aron zarto, alhali namu yana rataye a lungu. Sun fi awa. Da suka dawo tare suka dawo, Bakanike da doguwar roba ta zuƙo ruwa a kafaɗa.

Bakanike ne ya hau. Muna jin muryarsa daga sama: "Malam, wannan ai gona ce! Ka yi mata rajista?" Baba ya ce ya yi aikin da ya kawo shi. Suka zuƙe ruwan zuwa kwata, suka liƙe hujin kwanon da kwalta, suka toshe kafar da raga. Tsanin ma ya shiga, ko da yake ya ɗan karkace, in an ja shi yana kuka kamar akuya. Auta ta ja shi ya fi sau goma.

Baba bai yi mini magana sosai ba. Ba fushi ba ne, ina jin. Kamar dai bai san yadda zai yi da ni ba. Ni ma haka.

Alhamis, 24 ga Yuli

Rediyo har yanzu ba ta kula ni. Babanta ya ba su labari, ta san komai, sai abu ɗaya: ba ta san na riga na gani kafin in kwafe takardar ba. Ba wanda zai gaya mata. Da na yi shiru, nan da mako za ta dawo da surutunta.

Bayan an tashi na bi ta har ƙofar gidansu na gaya mata. Duka, har da rular. Na fi minti biyar ina magana, ita tana saurara. Da na gama ta ce, "Amma ke muguwa ce." Can kuma ta ce, "Ashe kina da murya." Ta shige ta tura ƙofa, ba ta dai sa sakata ba.

Ban san ko mun shirya ba. Gobe ni zan biya mata. In ta riga ni fita, zan kira ta daga baya, ko da mutane a hanya.